Ƙaramar mota mai zafin nama ko babbar salun don zuwa aiki?

Mazda MX-5, wadda ta fara fitowa a 1989, mota ce ta masu son tuƙi. Kujeru biyu gare ta, nauyinta tan ɗaya da 'yan kai, kana murza sitiyari ta amsa. A hanya mai kwane-kwane da babu kowa, sai wanda ya gwada.

To amma hanyar ofis ba haka take ba. Cunkoso ne safe da yamma. In mai giyar hannu ce, ƙafar hagu na kan kuloci har ta yi tsami, kana zaune dab da kwalta, tayar babbar mota daidai kafaɗarka. Duk ramin da ta faɗa sai ƙugunka ya shaida. But ɗinta kuwa kusan lita 130 ne, jaka biyu ta cika.

Salun irin Mercedes-Benz E-Class an gina ta ne don ka isa ba a gajiye ba. Tazarar tayoyin gaba da na baya doguwa ce, shi ya sa take haɗiye gargada. Ƙarar waje ba ta cika shigowa ba, giya na canza kanta, wasu ma suna da na'urar da ke taka birki in ta gabanka ta rage gudu.

Aljihu ne ke ji a jika: mai, taya, inshora, kuma darajarta na zubewa da sauri. Wurin fakin ma sai ka nema.

Ni dai mai shafe awa guda a cunkoso kullum, salun zan ce ya ɗauka, ko da ta hannu ce, muddin bakanike ya duba ta tukuna.