Inshorar AVMA PLIT: kariyar likitan dabbobi da ya taimaka kyauta

A Amurka, likitan dabbobin da ya tsaya duba karen da mota ta buge yana da 'yar kariya a dokokin wasu jihohi. A Kalifoniya, sashe na 4826.1 na dokar sana'o'i ya ce mai dabba ba zai karɓi diyya daga likitan da ya ba da taimakon gaggawa a wurin hatsari ba, sai dai in an yi mummunan sakaci. Amma dokar ba ta hana a kai ƙara, ba ta biyan lauya, kuma "wurin hatsari" ta ambata. Dabbar da aka kwaso zuwa asibiti maganarta daban. Wannan giɓin ne inshorar PLIT take toshewa, wato inshorar da ke kare likita in an kai ƙararsa kan aikinsa, wadda ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, AVMA, ta kafa a 1962.

Abu biyu ne suka sa ta cancanci kuɗinta. Lokacin da abin ya faru take dubawa, saboda haka ko ƙarar ta zo bayan shekaru, in likita yana da inshorar ranar da ya taɓa dabbar, yana cikin kariya. Sannan ba a sulhu da mai ƙara sai da yardar likita. Ana iya zaɓar kariyar da ta kai dala miliyan 1 kan kowace ƙara, miliyan 3 a shekara. Masu duba dawaki sun fi masu karnuka da kyanwa biya.

Inda take da rauni shi ne wajen kare lasisin aikin likita. Ƙari ne da ake saya daban, alhali nan haɗarin yake. Kotunan Amurka dukiya suke ɗaukar dabba, diyyar galibi ba ta wuce kuɗinta a kasuwa. Koke gaban hukumar lasisi ta jiha kuwa ba ya cin mai dabba ko sisi, likita ne zai nemi lauya. Kamata ya yi a haɗa shi cikin ainihin tsarin.

Sai ɗan AVMA ke iya saye, kuma aikin da lasisi ya halatta kawai take karewa, don haka a kula da tsallaka iyakar jiha. In an taimaki dabba, a rubuta lokaci, halin da aka tarar da dabbar, sunan magani da adadinsa, da wanda ya nemi taimakon. In koke ya taso, a kira PLIT kafin a amsa laifi ko a yi alkawarin biyan komai.