Garejin da ya ɗaura min winci a ƙarfen gaban mota: walda babu magana, wayarin kuwa sai a hankali

Masu tare ni a majalisa suna tambayar a ina aka ɗaura min wincin nan da ke gaban motata, wato injin nan mai igiya da ke jawo mota in ta kafe, to ga amsa gaba ɗaya kowa ya huta. Nan Damagaram aka yi shi, ba Kano ba ba Yamai ba, wani gareji ne can ta hanyar fita Tanut, ba zan kama suna ba tunda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan taɓa. In aikin ƙarfe ne kai musu motarka ka tafi gida ka yi barci, in kuwa an zo kan wayoyi to kada ka matsa ko nan da can.

Motar Land Cruiser ce fikof, 79, mai injin 1HZ da ke shan gazuwal, kuma gyaran famfunan sola na rijiyoyin burtsatse shi ke yawo da ni, yau Belbeji gobe Gure wani lokaci har Tesker. Wincin ni na sayo abina daga Kano, ɗan Sin ne mai ƙarfin jan laba 12,000 a jikin kwali, don irin su Warn na Amurka kuɗinsu ba na aljihuna ba ne. Abin da ya fara burge ni da maigidan garejin shi ne bai taɓa kwalin ba sai da ya tambayi nauyin da nake ɗauka. Ya ce Alhaji motar nan in ka loda ta tana wuce tan 3, ƙa'idar kuwa winci ya iya jan nauyin motar sau ɗaya da rabi, wato kusan tan 5 kenan, mai 9,500 da mutane ke saye don sauƙin kuɗi kilo 4,300 ne kawai, naka kuwa ya haura kilo 5,400, ka yi daidai. Ya ƙara da cewa lambar nan ta kwali ta layin farko ce, lokacin da igiya ta kusa warwarewa duka daga gangar, duk layin da ya hau kan ɗan'uwansa ƙarfin ja raguwa yake. Mai sayarwa bai taɓa gaya min wannan ba, shi dai a biya shi.

Ƙarfen gabana irin na fayif ne da ake haɗawa a gari don kare fitilu da lagireto daga awaki da jakuna, ni a tunanina a jikinsa za a manna wincin a wuce wurin. Mutumin nan ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya ɗau sifana ya ƙwanƙwasa ƴan kunnuwan da ke riƙe da shi a shasi, ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka. Ƴan siraran ƙarafa ne guda biyu, ɗaya ma har ya fara tsagewa a bakin waldar. Ya ce in na ɗaura a nan ranar da ka kafe ka ja, ƙarfen ne zai tafi wajen bishiya ya bar ka da motar a cikin taɓo. Na so in ja da shi don na san ƙarin kuɗi ne, ya ce in haka nake so in kai wani wuri, shi ba ya sa hannunsa a abin da zai kashe mutum. A nan na yarda da shi.

Faranti ya yanka mai kaurin milimita 6, ya lanƙwasa gefensa gaba da baya don kada ya goce, ya zaunar da shi tsakanin ƙafafun shasi biyu, sannan ya sake wa ƙarfen gaban sabbin kunnuwa masu kauri ya haɗa su duka wuri guda. Kuma da noti ya ɗaure a shasi, bai yi walda a jikinsa ba, ya ce zafin walda na raunana shasi kuma gargadar hanyoyinmu a daidai nan take fara tsaga shi. Ramukan zaman wincin guda 4 ne, tazararsu milimita 254 a tsawo 114 a faɗi, sai da ya zana su a kan kwali ya gwada kafin ya huda, kuma da injin huji ya huda, ba irin masu hura rami da wutar walda ya fito kamar ɓera ya ci ba. Notocin ma ya miƙo min ɗaya ya ce duba kansa, 8.8 a rubuce, lambar ƙarfin noti kenan, ya ce duk wanda babu lamba a kansa na ƙofar gida ne ba na winci ba. Ya yanke ƴar taga a saman ƙarfen yadda hannu zai kai ga sandar sakin igiya ba sai ka kwanta a ƙasa ba, ya daidaita bakin da igiyar ke fitowa da tsakiyar ganga, lambar mota kuma da ta toshe bakin ya mayar da ita sama. Wincin ya zauna ƙasa ƙasa bai tare wa lagireto iska ba, wanda ya san zafin Afrilu a garin nan ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, allurar zafi har yau tana inda na san ta.

To daga nan ne labari ya sauya. Maigidan ya fita sayen kaya ya bar wa wani aparanti wayarin, yaron kuwa yana da ladabi amma bai san girman abin da ya riƙe ba. Winci irin wannan in ya ɗau nauyi sosai yana iya zuƙar amfiya 400 daga batir, ba rediyo ba ne. Jar wayar ba ta kai ba sai ya ƙara ta da wata siririya ya naɗe da salatif, ya bi da ita ta kan bakin ƙarfe mai kaifi babu ko robar kariya, baƙar kuma maimakon ya kai ta kan batir kai tsaye sai ya ɗaure ta a jikin bodi. Kawunan wayar da guduma ya daddake su. Muka gwada a gaban garejin da wata tsohuwar Hilux da ke ajiye, kafin ta matso sosai na taɓa wurin ƙarin na ji ya ɗau zafi har salatif ɗin ya yi laushi. Da maigidan ya dawo na nuna masa ya yi wa yaron faɗa ya ce a gyara, amma daga yadda yake magana na gane shi ma lantarki ba fanninsa ba ne, bai ma kawo zancen makashin wuta ba sam. Wayar nan kullum da wuta a cikinta ko mota na kashe, in ta goge ta taɓa ƙarfe gobara ce, kuma yaran unguwa ba abin da ba sa taɓawa. Wajen wani mai lantarkin mota kusa da tasha na kai, ya cire komai ya sa kebul irin na injin walda mai kaurin murabba'in milimita 35, ja da baƙa duk har kan batir, ya matse kawunan da abin matsewa, ya sa makashi kusa da batir. Kuɗi biyu kenan a aiki ɗaya.

Igiyar ma haka suka naɗe ta sakwaf sakwaf da hannu. Sabuwar igiyar ƙarfe sai an warware ta an sake naɗewa da nauyi a kanta, in ba haka ba ranar ja na sama sai ya nutse cikin na ƙasa ya murɗe, igiya ta lalace. Ni da yarona muka yi wannan a fili bayan gari.

Maganar lokaci kuwa kun san halin, gobe in sha Allah, goben ta zo a ce an ɗauke wuta. Kuɗin aikinsa ya fi na masu walda na bakin titi nesa, bai cika ragi ba, farantin ma ni na biya daban, amma ban ji haushin ko dala ba a ɓangaren ƙarfen.

Masu cewa me ya sa ban sa igiyar roba irin ta zamani ba, ta fi sauƙin nauyi kuma in ta tsinke ba ta dukan mutum kamar ta ƙarfe, gaskiya ne, sai dai rairayi na shiga cikin zarenta yana ci, rana na ci, ƙaya na ci, mu kuwa abin da muke da shi kenan. Ta ƙarfen da wincin sun kusa kilo 40, ga faranti, gaban motar ya ɗan sunkuya kaɗan kuma ana ji a rami, watakila nan gaba in canza sifirin gaba.

Abin da nake so masu sha'awa su ji kafin su zuba kuɗi: winci ba ya jan iska, sai da abin da za ka maƙala. Kudu wajen Matamaye da Magariya gawo ko'ina, da damina in ka faɗa taɓon korama daɗinsa ba a magana, na gwada a watan Agusta motar ta zauna har kan diff, wato cikinta ya taɓa ƙasa, injin na kunne, a ja kaɗan a bar shi ya huce a sake ja, bargo a kan igiya kowa ya ja baya, ta fito farantin ko motsi bai yi ba. Amma ka zagaya bishiyar da bel mai faɗi, kada ka yanke wa manomi gawonsa da waya ku kwana wajen ma'aikatan gandun daji. Arewa kuwa in ka wuce Tanut sai ka duba gabas da yamma babu komai sai tumfafiya, nan dole ka haƙa rami ya kai ƙugu ka binne tayar ajiya ka ja da ita, da rana tsaka wannan aiki ne da ba ka so wa maƙiyinka, shi ya sa a rairayi har yau rage iskar taya da shebur su ne na farko, winci sai sun gaza. Kuma kada ka warware igiyar duka, bar aƙalla zagaye 5 a kan ganga.

Wata matsalar da ban zata ba ita ce yanzu duk wanda ya kafe lambata yake nema, har da wani mai gingimari da lodin albasa, na ce masa baba ka yi haƙuri wannan ba sa'arsa ba ce.

Bayan tafiyar Gure na koma garejin don maigidan ya ce in dawo a duba, ya shiga ƙasa da kansa ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya, guda ne kawai ya ɗan karɓi ɗauri, bai karɓi ko sisi ba. Na bar masa aikin ƙugiyar baya, na kuma ce masa yaron nan kada ya kusanci batir ɗina.