Shafin IReV: Me Yake Nunawa Game da Zaɓen Ɗan Majalisar Jiha a Zamfara?

Siyasa na kankama, za ka ji magoya bayan ɗan majalisa suna cewa honorabul ya lashe mazaɓarsa da gagarumin rinjaye, 'yan adawa kuma suna cewa maguɗi ne. Wanda ke son ganin alƙaluma da idonsa, wuri mafi sauƙi shi ne IReV, shafin duba sakamako na hukumar zaɓe ta INEC. An fara aiki da shi a watan Agustan 2020, a zaɓen cike gurbin ɗan majalisar jiha na Nasarawa ta Tsakiya, kuma kyauta ne.

Idan ka shiga, sai ka zaɓi zaɓen majalisar jiha, ka zaɓi Zamfara, sannan ka gangara daga mazaɓa zuwa gunduma zuwa rumfa. A nan mutane ke fara ruɗewa. Ƙananan hukumomi 14 ne, kujeru kuwa 24. Anka, Bakura, Birnin Magaji da Shinkafi kujera ɗai-ɗai gare su, sauran goman biyu-biyu, kamar Gusau I da II ko Maru ta Arewa da ta Kudu. Sai ka san gundumomin da ke ƙarƙashin kujerar tukuna. Lambar rumfarka tana jikin katin zaɓenka, kuma ta Zamfara da 36 take farawa.

Abin da za ka tarar hoton takardar sakamako ce ta rumfa, wadda ake kira EC8A, da jami'in zaɓe ya ɗauka da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe. Amfaninta babba ne. Tana ɗauke da yawan masu rajista, waɗanda aka tantance, ƙuri'un kowace jam'iyya a lamba da kalmomi, ƙuri'un da suka lalace, da sa hannun ejan-ejan. Lissafi ɗaya ya wajaba ka yi a kowace rumfa: haɗa ƙuri'u masu kyau da lalatattu, ka gwada da yawan waɗanda aka tantance. In ƙuri'u sun zarce, aringizo ke nan, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a soke sakamakon rumfar. A da sai ejan jam'iyya ko lauya ke da wannan takarda, yau duk mai waya na iya buɗe ta. Wannan kaɗai ya isa a yaba.

Matsalolinsa kuma ba ƙanana ba ne. Shafin ba ya haɗa jimla, hotuna ne zalla, rumfa bayan rumfa, don haka sai ka tanadi littafi da biro ko kwamfuta, da isasshen data. Wani hoton ya yi dishi-dishi saboda an gama ƙirga bayan magariba an ɗauka da hasken tocila, wani an yanke gefensa, wani kuma takardar gwamna aka ɗora a gurbin ta ɗan majalisa tunda rana ɗaya aka yi zaɓukan biyu, 18 ga Maris 2023. A ƙauyukan da babu sabis, sai an fito gari hoton ke hawa. Rumfar da ka gani babu komai, kada ka yi saurin cewa an sace ƙuri'u, mai yiwuwa zaɓen ne bai gudana ba ko an soke shi, kuma wannan a takardar EC40G ake rubuta shi.

Babban giɓin shi ne tarihi. Duk zaɓen da aka yi daga 1999 zuwa 2019 ba ya ciki. Ko da yana ciki ma, a Zamfara ƙuri'a kaɗai ba ta bayyana yadda mutum ya shiga majalisa. A 2019 'yan takarar APC aka fara bayyanawa, amma ranar 24 ga Mayu Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, ƙuri'unta suka tashi a banza, waɗanda suka zo na biyu suka karɓi kujerun. A Yunin 2021 kuma Gwamna Bello Matawalle ya bar PDP ya koma APC, akasarin 'yan majalisar suka bi shi. Shafin ba ya faɗin sauya sheƙa, ba ya faɗin hukuncin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ko na Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda daga ita babu gaba a shari'ar ɗan majalisar jiha. Zaɓen da bai kammalu ba, irin na cike gurbin Bakura a Disambar 2020, shi ma sai ka haɗa sakamakon zagayen biyu.

A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Saboda haka ɗan jarida ko ɗalibi ya yi amfani da shi wajen gano rumfunan da ke da alamar tambaya, amma mai zuwa kotu ya rubuta wa ofishin INEC na Gusau ya nemi kwafi mai hatimi na EC8A, da EC8B na gunduma, da EC8E na bayyana wanda ya ci. Ya kuma yi da wuri, domin kwana 21 kacal ake da su na shigar da ƙara bayan an bayyana sakamako.