Sabon darktable a kan Ubuntu 20.04: ka haɗa da hannunka ko ka ɗauko Flatpak?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko ka haɗa sabon darktable, manhajar gyaran hotuna, da hannunka daga kod ɗinsa, ko kuwa ka ɗauko shi ta Flatpak, wato tsarin da ke kawo manhaja a ƙunshe da duk kayan da take buƙata. Hotunan CR3 ɗin Canon ɗinka (nau'in ɗanyen fayil ɗin hoto na kyamarorin Canon) da suka ƙi buɗewa ba laifin kyamarar ba ne, darktable ɗin da ke zuwa da Ubuntu 20.04 shi ne 3.0, shi kuwa CR3 sai a 3.8 aka fara karɓarsa, a ƙarshen 2021. To tsakanin hanyoyi biyun da ka ambata, ni dai Flatpak nake kai, kuma shi zan ce ka bi.

Tsohuwar laftof gare ni mai 20.04 ɗin nan, ita nake gyaran hotuna da ita, kuma ba na son taɓa mata komai tunda tana aiki lafiya. Da na sa flatpak ta apt (mai girka manhajoji na Ubuntu) na ƙara Flathub (rumbun manhajojin Flatpak) na sauke darktable, wallahi kafin na gama kwafo hotuna daga katin ya sauka, na danna CR3 na farko sai ga hoto ya fito tas da kalarsa, har sunan lens ya karanto. Dalili kuwa shi ne Flatpak yana zuwa da nasa kayan, exiv2 mai karanta bayanan hoto da LibRaw mai buɗe ɗanyen hoto da sauransu duk suna cikin ƙunshinsa, bai damu da tsofaffin da ke kwamfutarka ba. Aibinsa dai yana cin wuri kuma yana shan data a saukewar farko, sannan idan hotunanka suna kan hard disk na waje ya ƙi ganinsu sai ka sa Flatseal, manhajar sarrafa izinin Flatpak, ka ba shi izini. Abu ɗaya da zai iya rikita ka, ba a ~/.config/darktable yake ajiye saitinsa ba, yana can cikin ~/.var/app, don haka kada gabanka ya faɗi in ka buɗe ka ga babu tsofaffin hotunanka, kwafo fayilolin saitin daga tsohon wurin zuwa sabon kawai za ka yi.

Haɗawa da hannu kuma, eh, ana yi, ba zan ce ƙarya ba ne. Amma abin da masu bidiyo ba sa gaya maka shi ne ba darktable kaɗai za ka haɗa ba. GCC, wato manhajar da ke haɗa kod, na 20.04 na 9 ne, sababbin darktable sun wuce nan sai ka nemo wani, exiv2 ɗinka 0.27.2 ne alhali CR3 yana son 0.27.4 zuwa sama kuma wanda aka kunna wa BMFF (tsarin da aka gina fayil ɗin CR3 a kai), kana gama wannan cmake, mai shirya haɗawar, ya kawo maka wani ƙorafin. In ka zuba su a /usr kuma ka taka wa apt ƙafa, wata manhajar da ba ruwanta ta daina tashi. In dai ka nace, to ka sa komai a /opt, kuma ka ɗauko kod ɗin da git tare da submodules ɗinsa, wato ɓangarorin da ke haɗe da shi, in ba haka ba rawspeed, ɓangaren da ke karanta ɗanyen hoto, ba zai zo ba. Wannan aikin na wanda yake son gyara kod ɗin da kansa ne, kai hoto kake son gyarawa.

Duk wadda ka bi, ka kwafi library.db da data.db, fayilolin da darktable ke adana bayanansa a ciki, ka ajiye gefe tukuna, domin sabon yana sabunta su kuma tsohon ba zai sake karanta su ba.

Baka tambaya ba amma bari in ƙara. Darktable kyauta ne, duk wanda ya ce zai sayar maka da "na ƙwararru" ko ya turo maka wani fayil ya ce ka kunna shi da sudo (umarnin da ke ba da cikakken iko a kan kwamfuta), ka rabu da shi. Haka masu katin memori, an rubuta 128GB a jiki alhali cikinsa ƙarami ne, yana cika sai ya fara cinye hotunan baya, kai kuma ka zauna kana zargin manhaja. Ka gwada kowane sabon kati da f3, manhajar gano katin bogi, kafin ka ɗauki aikin mutane da shi.

Ka sa Flatpak yau ka ci gaba da aikinka. In ka samu sarari ka haura zuwa 22.04 ko 24.04, don tallafin yau da kullum na 20.04 ya ƙare tun 2025.