Ku yi hattara: an sayar min da Hilux mai casis ɗin walda a kan miliyan 13 da dubu 800

Kwana goma sha ɗaya ke nan ina rubuta wannan magana ina gogewa, kunya ta hana ni sakewa. To jiya da daddare wani ya turo min hoton wata a-kori-kura da aka saka a kasuwa, fara sol, an wanke ta tas. Ina duba bayan hoton sai ga katangar nan mai ruwan ƙasa da bishiyar darbejiya, daidai inda na tsaya na tura kuɗina da hannuna. Ashe mutumin da ya sayar min da motar yana nan yana sana'arsa hankali kwance. Kunyar ta isa haka.

Naira miliyan 13 da dubu 800. Ban da la'adar dillali dubu 300. Na sayar da fulotina, na sayar da ƙaramar motar da nake hawa, maiɗakina ta kwashi adashenta miliyan ɗaya da dubu 200 ta damƙa min ba ta ko tambayi ranar biya ba. Duk don in daina biyan kuɗin mota duk lokacin da na sayi masara a Tudun Wada zan kawo Dawanau. Miliyan 13 da dubu 800, jama'a.

Kafin wani ya zo yana min wa'azi, ni ba yaro ba ne a harkar mota. Shekara 17 ina tuƙi. Na san ƙarar injin da ya gaji, na san hayaƙin da ke nuna mota tana shan baƙin mai. Ba cinikin biri a sama na yi ba, na je na ga mota da idona, na tuƙa ta, na buɗe bonet. Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, giyar hannu. Mita tana nuna kilomita dubu 96. Kuma kuɗin ba wata araha ba ce ta fitar hankali da za a ce kwaɗayi ya ja ni. Da ya ce miliyan takwas da na gudu. Ya san haka, shi ya sa ya fara da 15 muka yi ta ja har muka sauka.

Abin da ke hana ni barci shi ne baturi. Muna tsaye a gaban motar, ban tambaye shi komai ba, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah ba zan ɓoye maka ba, baturin nan ya kusa. Ka sa a ranka za ka canza shi. Ba na son ka tafi ka zage ni a bayan ido." Wallahi a nan ya gama da ni. Na ce a raina mutumin da ya tona aibin kayansa da bakinsa, me kuma zai ɓoye? Ya nuna min aibin dubu 90 ya rufe na miliyoyi. Daga nan aka kira la'asar, shi ya fara cewa a bar ciniki a yi salla, shi ya miƙo min buta. Kafaɗa da kafaɗa muka tsaya a sahu. Har yanzu in na rufe ido hannun nan nake ji a kafaɗata, "ba zan ɓoye maka ba."

Sati uku cif da sayenta, ranar Asabar, na ɗauko buhu shida na masara. Shida, ku riƙe wannan, don shi yanzu cewa yake lodi na yi mata fiye da kima. Buhu shida kilo 600 ke nan, a motar da aka ƙera ta ɗauki abin da ya kusa tan guda. Ni da yaron da ke taya ni ne kawai a ciki. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan, mun hau titin Kano, ban kai gudun 90 ba, tayar baya ta dama ta yi bindiga. Allah ya taimake ni ban taka burki ba, na riƙe sitiyari da hannu biyu na bar ta tana rage gudu da kanta har muka gangara gefe. A gangarawar ne ta faɗa wani ɗan rami, sai na ji ƙas a ƙarƙashina, kamar an karya ice. Na fito na ga tsakanin kan motar da bodin baya ya buɗe ta sama, har hannuna yana shiga. Motar ta yi doro. Yaron nan ya zauna a ƙasa yana ta salati, ƙafarsa na rawa. Ɗan mutane ne, uwarsa ta ba ni amanarsa.

Af, na tsallake wani abu. Ranar da na fara zuwa ganin motar, Laraba ce ko Alhamis, Alhamis ce don washegari na yi Juma'a a unguwarsu, na ce zan zo da safe. Dillalin ya ce mai motar ba ya nan sai bayan azahar. Da na isa injin da ɗuminsa, wai yanzu aka dawo da ita daga wanki. Ƙasan wurin duk a jiƙe, ko mai yana ɗiga ba za ka gane ba. Na leƙa ƙarƙashinta na ga baƙi wuluk yana sheƙi, na tambaya, ya ce maganin tsatsa ya sa aka fesa mata saboda daga Legas ta zo, iskar teku tana cin ƙarfe. Magana mai ma'ana. Wa zai ji wannan ya ce ƙarya ce? Bakanikena kuma ya tafi ta'aziyya garinsu a satin, na ce a jira shi ya dawo Litinin, sai dillalin ya ja ni gefe ya ce wani daga Katsina zai zo da kuɗi gobe. Ya ce akwai bakanike nan kusa. Aka kira shi, ya sa kunne a inji, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Oga, wannan ko Agadas za ta kai ka." Na ba shi dubu biyar. Ni na biya shi ladan yaudarata.

A daren na tura kafin alƙalami miliyan biyu. Sauran miliyan 11 da dubu 800 kuwa wani asusun daban mai motar ya ba ni, da wani suna daban, wai na ƙaninsa ne, nasa ya cika na ranar. Ina da shaidar tura kuɗin duka biyun, zan saka su.

Janwe ya karɓi dubu 120 ya kawo ta Kano. Masarar kuma sai da na ɗauki wata motar, abin da nake gudu tun farko. Da bakanikena ya sa aka ɗora ta a rami, ya ɗauki sukundireba ya kankare baƙin abin nan, bai ce komai ba, ya kira ni da hannu ya ce, "Yaya, sauko ka gani." Casis ɗin, wato ƙarfen ƙasa da bodin mota ke zaune a kai, a yanke yake gefe biyu, daidai bayan kujerun baya. An haɗa da walda, an ɗora wani guntun ƙarfe a kai, an shafe da kwalta da baƙin fenti. Gefe ɗaya waldar ta rabu gaba ɗaya, ɗayan saura ƙiris. Ya ce motar nan ta taɓa yin mummunan hatsari, gabanta na wata ne, bayanta na wata. Ya ce da a gudu 120 waldar ta saki, da yanzu zaman makoki ake a gidana.

Bai tsaya nan ba. Ya murɗa makulli bai tayar ba, ya ce in kalli fitilun dashbod. Duk suka kama, na mai, na baturi, na inji, ban da na jakar iskar nan da ke fitowa daga sitiyari in an yi karo. Ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. Tawa ba ta taɓa kamawa ba, an cire ƙwan. Ya kwance murfin sitiyarin, tsumma muka tarar a ciki. Tsumma! Sati uku ina ɗaukar 'ya'yana zuwa Islamiyya a motar nan.

Tayar da ta fashe kuwa, mai faci ne ya nuna min. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Tawa 2314, wato sati na 23 a shekarar 2014. 'Yan Road Safety shekara huɗu suke cewa taya ta yi a sauke ta. An sassaƙe zanen da wuƙa mai zafi ya yi zurfi kamar sabuwa, an shafa mata mai tana ƙyalli. Wannan kam na yarda laifina ne, na san da lambar nan, ban duba ba. Ina can ina tunanin baturi. A jikin ƙofar direba kuma, ƙarƙashin roba, muka sami 'yar takardar juyen mai da suka manta ba su ɓare ba, an rubuta kilomita 283,000 da biro. Mita tana cewa dubu 96.

Na kira wanda ya sayar min a ranar, daga bakin titi, tun kafin janwe ya zo. Ya ɗauka ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, ba dai wanda ya ji ciwo ko? Bari in idar da abin da nake in kira ka." Bai kira ba. Da na same shi bayan kwana huɗu, murya ta canza. Wai mota an gani an saya, wai na sa hannu a takarda, wai shi ma haka ya saye ta bai san da walda ba. Wanda bai san da walda ba ne zai fesa kwalta a daidai wurin? Dillalin da ya ci dubu 300 ya ce shi haɗa mu kawai ya yi. Bakaniken nan mai Agadas an ce ba ma a wannan layin yake aiki ba. Yanzu dukkansu sun toshe lambata, sai da wayar ƙanina nake ganin tallansu.

Takardun ma akwai magana. Lambar casis guda 17 ce, haruffa da lambobi. Wadda ke kan takardar kwastam ta yi daidai da ta jikin 'yar farantin da ke maƙale a motar, ita na duba ranar ciniki, na ƙirga ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ce ban duba ba. Amma wadda aka buga a jikin ƙarfen casis ɗin kansa an goge ta da injin gurza an shafe da kwalta. Wato ko na gyara ta, ban san motar wa nake hawa ba.

Wani abokina ya ce min tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, in bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma na kai ƙara, kuma lauya ya ce kada in kama suna a nan tukuna, shi ya sa kuka ga ban kama ba. Ba tsoro ba ne. Maiɗakina har yau ba ta ce min uffan a kan kuɗinta ba, kuma shirun nan ya fi min zagi ciwo.

Mai niyyar sayen a-kori-kura ta hannu: je da bakanikenka, in ba ya nan ka jira shi ko da mutum goma za su zo daga Katsina. Je da sassafe inji na sanyi. A hau rami, a kankare duk inda aka yi sabon baƙin fenti. Duba lambar jikin ƙarfe, duba shekarar taya, kalli fitilun dashbod. Kada ka tura kuɗi asusun da ba sunan mai takarda ba.

An ce min sai an nemo wani casis ɗin a sauke bodi gaba ɗaya a mayar, kuma ba ni da ko kwabo. Tana can gareji an ɗora ta a kan duwatsu, kullum sai na biya na gan ta kamar mai zuwa dubiya. Miliyan 13 da dubu 800, da 300 na dillali, da 120 na janwe, da biyar ɗin da na ba wancan. Hotunan waldar, da na tsumman, da hirarmu ta WhatsApp har da saƙon muryar da yake rantsuwa cewa ba ta taɓa ko gogar bango ba, duk zan saka su da zarar lauya ya ce in saka. Wanda ya ga farar Hilux a gaban katanga mai ruwan ƙasa da darbejiya a gefe, ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin ya biya ko sisi.

Baturin kuwa lafiyarsa ƙalau. Bakanikena ya gwada shi, ya ce zai yi shekara guda nan gaba.