Masu son manyan sifikoki daga Faransa, ku karanta kafin ku turo kuɗi

Assalamu alaikum mutanen Damagaram, na Birni da na Zango da na Garin Malam, ya zafi ya iyali. Saƙonni sun yi yawa a talho kan magana ɗaya, wai in dubo farashin manyan sifikoki a nan Faransa, wani ya gama ginin falo, wani yana so ya fara ba da hayar kayan sauti na biki da suna, wani kuma kwamitin masallacin unguwa ne suka ɗora mishi aikin. To maimakon in bi kowa da vokal gara in rubuta sau ɗaya kowa ya ɗauki nashi.

Kaya dai akwai su, ba ƙarya. Ni ina Liyon ne, kuma kamfanin Focal da ake ji da shi a duniya yana nan kusa da mu wajen Saint-Étienne, tun 1979 suke wannan sana'a. Akwai Triangle, akwai Cabasse, duk na Faransa ne, ga Klipsch da JBL na Amurka, ga Yamaha da Denon na Japan. Akwai sifikar Focal da guda biyu kawai sun haura yuro 100,000, ku lissafa da kanku, yuro ɗaya sefa 656 ne saura kaɗan, wato sama da miliyan 65, kuɗin gida da mota a kan akwati biyu na jin kiɗa, Allah ya kyauta. Amma ba wannan ne ya fi burge ni ba, yadda ake sayar da abin ne.

In ka shiga kantin da sana'arsu ke nan, mai kanti ba zai fara da nuna ma wadda ta fi girma ba. Tambaya zai fara jero ma, ɗakin naka mita nawa ne, ƙasan tayil ne ko akwai kafet, nisan kujerarka da inda za ka aje su, me kake saurare, wane amfuli, wato na'urar da ke tura wa sifika ƙarfi, gare ka a gida. Sai ya shigar da kai wani ɗaki mai labule masu kauri da kujera ɗaya a tsakiya, ya ce ka sa abin da ka saba ji daga talhonka. Na sa mishi karatun Alƙur'ani da wani kiɗan kalangu, ya rufe ƙofa ya bar ni, can ya dawo ya cire waya daga wannan amfuli ya mayar kan wani, sifikokin dai su ne bai taɓa su ba, amma wallahi kalangun ya canja, da farko yana fitowa a cushe, na biyun kuwa kana jin inda makaɗin ya matse tsirkiya da inda ya sake ta. Ya juya min bayan akwatin ya nuna min ɗan tambarin da ke wajen da waya ke shiga, lamba uku ne a jiki, 8 om, 89 dB, da wat daga kaza zuwa kaza. Ya ce wannan kawai nake karantawa, abin da ke jikin kwali na masu talla ne.

Mu kuma a gida kwalin muke saya. Ka ga an rubuta 5000 W da jan fenti ƙato, a gefe da ƙananan baƙaƙe PMPO, mutum ya biya yana murna. Wannan lamba ba ta da ma'auni, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar gaskiya ita ce RMS, wato ƙarfin da abin zai iya riƙewa yana aiki ba tsayawa. Kuma akwai hanya mai sauƙi ta kama su, ka juya bayan na'urar ka duba kuran nawa take sha daga bango, in an rubuta tana shan 60 W to daga ina za ta samo 5000 ta ba ka? Amfulin Yamaha A-S501 da ake sayarwa nan 85 W aka rubuta mishi kowane gefe, kuma ya fi kilo 10 nauyi, wancan mai dubu biyar ɗin kuwa yaro zai ɗaga shi da hannu ɗaya.

Yanzu ga inda nake so masu tsakar gida su natsu. Lambar nan ta dB ita ce ke faɗin yadda sifika ke da saurin amsawa, in ka ba ta wat ɗaya kacal ka tsaya mita ɗaya a gabanta, wane ƙara za ta yi. Dogayen sifikokin falo na Turawa yawanci tsakanin 86 da 91 suke. Na masu biki da taro, irin baƙaƙen nan masu raga ta ƙarfe a gaba, suna kai 96 zuwa 99. Mutum zai ce ai tazarar ba yawa, to akwai ta sosai, don duk ƙarin 3 dB sai ka ninka wat sau biyu. Sifika mai 88 da mai 97 tazarar 9 ce, ninki biyu sau uku ke nan, takwas. Ma'ana ƙaran da mai 97 za ta yi da 100 W, mai 88 sai an ba ta 800 W kafin ta kamo ta, kuma kafin a kai can ta daɗe da ƙonewa. Sannan a fili ba bango ba rufi da zai mayar da sauti, duk lokacin da nisa ya ninka kana rasa 6 dB, wanda ke zaune mita 8 daga sifika ya rasa 18 ke nan. Shi ya sa Focal mai tsada in ka fito da ita tsakar gida ranar suna, mata na hira yara na guje-guje ga gurup na ruri a waje, za ta ji kunya a gaban akwatin da aka haɗa a Kano. Ba don ba ta da kyau ba, ba aikinta ba ne. An yi ta ne don rufaffen ɗaki da mutum ɗaya ko biyu da suka yi shiru.

Kuma nan ɗin ma ba wanda ke ƙure murya. Gidajen sama ne, bango ɗaya da maƙwabci, daga ƙarfe 10 na dare in ka dami mutane ana iya kiran ƴan sanda su yanka ma tarar yuro 68. Saboda haka Bature mai amfulin 100 W yawancin lokaci ko wat 5 ba ya ci, sauran ajiya ce don lokacin da ganga ta buga da ƙarfi.

Sai maganar da kullum ake juyawa a gida. Mutane na tsoron babban amfuli, wai zai fasa sifika, sai su sayi manyan akwatuna su laƙa musu ɗan ƙaramin amfuli don a zauna lafiya. Gaskiya babban amfuli na iya fasawa in an yi hauka da shi, amma ƙaramin ma yana kashewa, kuma irin amfaninmu shi ya fi yi. Kamar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ne kana ta dukansa. Sautin bai isa ba, ka murɗa har ƙarshe, amfuli ya kai iyakarsa ya fara yanke kan sautin, abin da ke fita ya zama ƙazanta mai kaifi, ita kuma wannan ƙazantar wajen ƴar ƙaramar sifikar sama take tafiya, twita, mai siririyar waya kamar gashi, ta yi zafi ta tsinke. Washegari ka ji kiɗa ya dushe ba kaifi sai gum gum, a ce ai kayan ne jabu. Masu sana'ar sauti na taro abin da suke bi shi ne amfuli ya fi RMS na sifika da rabi har zuwa ninki biyu, in sifika 300 W ce a nemi amfuli mai 450 zuwa 600 kowane gefe, sannan a bar mishi sarari, in jar fitilar nan ta clip ta fara ƙiftawa a rage, ba a ƙara ba. Na falo kuwa ka bi abin da aka rubuta a bayan akwati, ka zaɓi wajen sama na lambar ba wajen ƙasa ba.

Om kuma shi ne wanda masu hayar kaya ke ci da shi. Sifika biyu masu 8 om in ka haɗa su a baki ɗaya ja da ja baƙi da baƙi sun koma 4, in huɗu ne sun koma 2. Duk saukar lambar ƙarin kuran ne amfuli ke turawa, ƙarin zafi ke nan. Yawancin amfulin gida ba sa son ƙasa da 4, wasu ma 6 aka rubuta musu. To ka haɗa wannan da zafin Afrilu da Mayu na Zinder da ke wuce 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan iska, ga kuran namu da kun san halinsa, ya sauka ya hau ya ɗauke ya dawo da ƙarfi. Amfulin da zai shekara 20 a Liyon bai yi tari ba yana iya mutuwa a damina ɗaya. Don haka duk wanda ya ware kuɗin amfuli ya ware na regilater mai ƙarfin da ya fi abin da amfulin ke sha, kar a sa shi cikin rufaffen kabad, kar a lulluɓe shi da ƙyallen ado yana aiki, a riƙa hure mishi ƙura. In za a kunna kaya shi ne na ƙarshe, in za a kashe shi ne na farko. Masu sola su nemi irin wanda ake ce wa class D, wajen kashi 90 na kuran da ya sha sauti yake zama, ba ya cinye batir kamar tsofaffin masu nauyi. Abu ɗaya mai daɗi, kuran Faransa 230 ne, ya yi daidai da namu, amma wanda ɗan uwansa ke Amurka ya kula, nasu 120 ne, in ba a duba ba aka soka a bango hayaƙi za a gani.

Wajen garanti kam sun fi mu nesa ba kusa ba. Sabon kaya doka ta ba ka shekara 2, in ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili a ba ka kuɗinka. Sai dai wannan garantin a nan yake aiki, in abu ya lalace a Damagaram wa zai ɗauko akwati mai kilo 30 ya dawo da shi? Mu kuma wajen gyara muka fi su. A nan kuɗin hannun mai gyara kaɗai na iya kai kuɗin sabo, wani wurin ma sai ka biya kafin a buɗe a gaya ma abin da ya lalace, shi ya sa za ka ga amfuli mai kyau an yar saboda abu ɗaya ya ƙone a ciki. A gefen kasuwar Dole kuwa yaro zai zauna kan benci ya yanke takardar sifika da reza, ya zaro ƙonannen koyil baƙi ƙirin, ya naɗa sabuwar jar waya zagaye bayan zagaye a kan kwalba ko guntun fayif, ya shafa gam ya aje a rana, in ta bushe ya ɗauko batir ƙarami na tocila ya taɓa wayoyin biyu, ka ga takardar ta yi tsalle waje ɓut, ya ce Alhaji ta tashi. Ba za ta koma daidai yadda kamfani ya yi ta ba, amma za ta yi biki goma. Irin wannan hannu in da a nan yake da ya yi arziki.

Masu tambayar okaziyo, eh akwai, a shafin intanet na Leboncoin da shagunan gwanjo na Emmaüs ana samun tsofaffin kaya masu kyau da araha, mutum ya rasu ƴaƴa su fitar da kayansa, ko sun koma ƙaramin gida. Amma a duba zoben da ke kewaye da babbar sifikar, in na soso ne to zafinmu zai mayar da shi gari, a nemi na roba ko na ƙyalle. Akwatin ma yawanci garin katako ne aka matse, ruwa ya taɓa gindinsa sau ɗaya ya kumbura. Sai hanya, jaka ɗaya a jirgi kilo 23 ce, doguwar sifika guda ta cinye ta ko ta wuce. Kwantena kuwa tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kaya suka koma bin Lome da Burkina, a sauke a Yamai, sannan a sake ɗora su a kamiyo su yi wajen kilomita 900 zuwa Zinder, ga duwan, ga jira na watanni. Kano kuwa tana nan kusa, ka tashi da safe ka je Sabon Gari ka sa a kunna ma ka ji da kunnenka.

To ni dai ga yadda na raba. Mai falo rufaffe da kilima wanda ke son ya zauna ya ji murya tsaf, shi ne kayan nan suka dace da shi, kuma shi ma matsakaita sun ishe shi, ya sa rarar kuɗin a amfuli. Mai hayar biki ya sayi akwatunansa a Kano ko ya sa kafinta ya haɗa mishi da filawud mai kauri, in ya so a nemo mishi irin masu amfuli a ciki kamar JBL EON ko Yamaha DBR, kamfani ya riga ya daidaita ƙarfin, ba ruwansa da lissafin om. Na masallaci kuma wani fanni ne daban, ƙahonin nan na ƙarfe na saman hasumiya da amfuli mai layin 100 V suke so saboda tsawon waya, amfulin kiɗa ba nasu ba ne.

Abin da ya cancanci ya shiga jakar mai tahowa gida shi ne ƙananan da ake cuta a kansu, twita na asali guda biyu na ajiya, mita ta gwada om, da wayar sifika ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 2.5, don wadda ta cika kasuwa yanzu alminiyom ce aka shafa mata ja, ka kankare bakinta da wuƙa za ka ga fari ya fito.