Sharhi Kan Sabon Bugun Fostar Fim Ɗin Metropolis

Masu sha'awar finafinan ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe suna kokawa cewa fostocin zamani sun koma tarin fuskokin jarumai da aka jera da kwamfuta, kuma wannan bugu na fostar Metropolis, fim ɗin da Fritz Lang ya fitar a Jamus a 1927, yana ƙarfafa hujjarsu. Heinz Schulz-Neudamm ya zana mutum-mutumi mai siffar mace a gaban dogayen gine-gine, da launin ruwan ƙasa kusan shi kaɗai, amma zanen ya isar da tsoron injina ba tare da nuna fuskar ɗan wasa ba. Ba mamaki aka sayar da kwafin asali a kan dala 690,000 a 2005.

Takardar sabon bugun tana da kauri, ba ta ƙyalli, layukan haruffan kuma sun fito tsaf. Sai dai zanen asali dogo ne siriri, masu bugawa kuma sun datse ƙasansa domin ya shiga firam na yau da kullum, abin da ya rage wa gine-ginen kwarjini. A ganina, gara a nemi bugun da ya kiyaye cikakken tsawonsa.